Motar da Take Tsufa Ranar Lahadi

Tun kafin Domnica ta saki makulli ta san yau ma babu lafiya. Injin ya kama, amma sitiyari yana rawa a hannunta kamar mai zazzaɓi, salansa tana tari tana feso ƙaurin ɗanyen fetur. Ta ɗan taka totur, motar ta yi kamar za ta miƙe, ta cije, ta koma karkarwa.

Surukarta Anghelina ta leƙo daga ɗakin girki da muciyar tuwon masara a hannu.

"Ƙafarki ce, 'yar nan. Sau nawa zan faɗa miki ƙafarki ce? Mota ba turmi ba ce da za ki riƙa kirɓa ta. Ga ta Fanel nan, rana ɗaya aka kawo su, ko atishawa kin taɓa jin ta yi?"

Wannan kam gaskiya ne, rana ɗaya aka kawo su. Gavril, mijin Domnica, yana aiki a wata mayanka a Jamus kamar rabin mazan Romaniya, kuma da ya tashi sayen mota sai ya yi yadda ake yi a ƙauyukanmu na kan tudu: ya sayi tsofaffi biyu, iri ɗaya, shekara ɗaya, don idan ɗaya ta mutu ɗayar ta ci kayanta. Ya ba matarsa ɗaya, ya ba ƙanensa Fanel ɗaya, auta, ɗan lelen uwarsa, magajin gida. Fanel yana jigilar masu tafiya Italiya zuwa filin jirgi da tasa. Ta Domnica kuwa aikinta ɗaya ne tak a duniya.

Mahaifiyarta, Inna Profira, tana zaune ita kaɗai a ƙetaren rafi, kuma ƙodarta ta daina aiki. Litinin, Laraba da Juma'a dole a yi mata wankin ƙoda a birni. Motar asibitin ba ta hawa hanyarmu ta laka, a mararraba take tsayawa can bakin kwalta, ta yi hon, wanda ya zo ya shiga, wanda bai zo ba Allah ya ba shi lafiya. Kafin ka kai mararrabar sai ka haura tudun Runcu ka gangara. A duk unguwar sama, inda tsofaffi da karnuka kawai suka rage, motocin nan biyu su ne motoci.

Ranar nan da kyar suka haura tudun a giya ta ɗaya. Suna gangarowa suka hango bayan motar asibiti tana shan kwana.

"Bar shi, 'yata," in ji Profira, tana lalubar numfashi. "Jibi ma rana ce."

Domnica ta dubi ƙafafun uwarta, sun kumbura har takalmin sanyi ya ƙi zugewa. Ta karkata motar zuwa garejin Toader da ke mararrabar.

Toader tsohon bakanike ne mai tumbi da surutu. Ya sa kunne ya saurari injin, ya leƙa ta taga, sai ya tsaya yana kallon allon gaban direba. A daidai inda fitilar gargaɗin inji take, an manna ɗan hoton Waliyyi Iliya a kan karusarsa ta wuta.

"Wa ya toshe wa motar nan baki?"

"Surukata ce, Kawu. Ranar da limamin coci ya yayyafa wa motocin ruwan albarka ta manna shi. Ta ce fitilar tana tayar wa mutum da hankali, kuma kada wanda ya kuskura ya ɓamɓare."

Ya ɗaga gefen hoton da farce. Fitilar ruwan ɗorawa tana ta ƙiftawa a ƙarƙashi.

"Waliyyi Iliya yana tsare matafiyi, ban musa ba, amma ban taɓa jin ya canza wa wani fulogi ba. Zo ki gani."

Ya buɗe bonet ya nuna mata silinda huɗu a jere, kowacce da fuloginta, kowane fulogi da kwayil a kansa, 'yar baƙar sanda mai ba shi wuta. Ya riƙa zare wayarsu ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ya zare sai injin ya ƙara durƙushewa, sai ta uku, da ya zare tata babu abin da ya sauya.

"Kin ga malalaciyar. Uku suna ɗauke da kaya, ita tana barci. Amma kada mu yi mata ƙazafi, wataƙila ba laifinta ba ne." Ya kashe injin, ya ɗauke kwayil ɗin ta uku ya kai ta ɗaya, na ɗaya ya dawo da shi ta uku, ya sake tayarwa. Yanzu ta ɗaya ce take barci. "To, kin gani? Ciwon ya bi kwayil. Haka ake kama mai laifi, 'yar nan. Ki canza masa wuri, ki ga ko ɓarnar za ta bi shi."

Ya sa mata sabo. Motar ta koma tana numfashi sumul, har Profira ta yi gyangyaɗi a hanyar komawa. Laraba lafiya, Juma'a lafiya. Ranar Lahadi Domnica ta raka surukarta coci, ta dawo ta naɗe nama a ganyen kabeji ta dafa, ta wanke kwanukan gidan duka. Litinin da asuba ta murza makulli, sitiyari ya kama rawa.

Haka abin ya yi ta maimaituwa har kaka ta fita sanyi ya shigo. Toader ya duba fulogai, ya fesa ruwan sabulu a bututun iska ko akwai inda yake zuƙa, ya canza matatar mai, ya zargi gidan man da take sha. A gida kuwa an gama yanke hukunci. Idan aka zauna cin abinci Fanel yakan kwaikwayi tarin motar da bakinsa, uwarsa tana dariya har da share hawaye.

"Matar yaya, ki koma keken doki mana. Shi ko kin taka shi da ƙarfi sai dai ya harbe ki."

Sau biyu Domnica ta roƙe shi ya kai Profira mararraba. Na farko ya ce yana da fasinja. Na biyu ya ce, ba don wulaƙanci ba, amma masu irin wannan ciwon suna da wani wari, kuma kujerunsa na yadi ne.

Profira kuwa tana ta narkewa. Duk wankin da ya wuce ta sai ruwa ya ƙara taruwa a jikinta. Fuskarta ta yi suntum, ta daina kwanciya sai a zaune da matasai a bayanta, ƙoƙon shayi ma sai Domnica ta auna mata rabi tana kallonta tana lasar leɓe. Likita ya yi wa Domnica faɗa a gaban mutane, ya ce idan ba ta damu da uwarta ba ta faɗa. Ta fito harabar asibitin ta jingina da bango ta yi kuka mai isarta, don ba ta san wa za ta kama ba.

A zuwa na gaba Toader ya zaro kwayil ɗin da ya mutu, ya juya shi a hannu, surutunsa ya ɗauke.

"Wannan ba nawa ba ne."

"Kamar yaya, Kawu?"

"Wanda na sa miki sabo ne dal. Wannan ya tsage, robarsa ta jiƙe da baƙin mai ta kumbura. Injinki kuwa a bushe yake, leƙa ramin fulogin ki gani. Wannan daga injin da murfinsa yake yoyon mai ya fito. Irin wannan injin cin kwayil yake kamar gyaɗa, sai an gyara yoyon." Ya goge hannu a wando, ya ƙi haɗa ido da ita. "Tun bazara na faɗa wa wani yaro ya kawo in canza masa robar murfi, ya ce ba shi da lokaci. Ni dai ban ce komai ba. Amma mota ba ta tsufa ranar Lahadi kawai."

Da ta koma gida ta ɗauko kwalbar jan farcen da ta rage tun bikinta, ya yi kauri har sai da ta ɗiga masa ruwan zafi. Ta ɗiga ja guda a wuyan kowane kwayil, ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa.

Litinin ta zo, motar ta yi tari. Da suka dawo da yamma ta tarar da Fanel yana wanke tasa yana fito, bonet a buɗe. Ta wuce shi kai tsaye, ta sunkuya, ta sa yatsa a wuyan kwayil na biyu. Jan yana nan.

"Fanel, wannan na waye?"

Ya yi dariya, dariyar ta ƙi zama. An ce tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, sai ya jefar da soso ya ɗaga murya.

"Leƙen asirina kike yi? Aro na yi! Aro haramun ne? Ni da nake tafiya mai nisa da mutane masu jirgi a gabansu, ke kuwa daga nan zuwa mararraba, ko a silinda uku ai za ki kai!"

"Ban kai ba, Fanel. Sau nawa ban kai ba? Kana zaune kana kwaikwayon tarinta, ashe kai ka zuba mata shi."

Anghelina ta fito tana goge hannu. Domnica ta ɗauka ko yau tsohuwar za ta ji kunya, sai ta ga ko gezau, ashe ta sani tun farko. Ita take ɗauko masa makullin motar Domnica na ajiya daga ƙusar da ke bayan ƙofa kafin a tafi coci.

"To mene ne abin tara mana jama'a? Ba don haka Gavril ya sayo su iri ɗaya ba? A gida ɗaya babu nawa babu naki. Tukunya ɗaya muke ci, motar yaron nan ita take kawo abin da ake zubawa a ciki."

"Mama, uwata mutuwa take yi."

"Allah ya sawwaƙe, wa ya ce ta mutu? Kwana na Allah ne, 'yar nan, ba na ƙarfe ba. Ni ma ina kunna mata kyandir duk Lahadi, kin taɓa gode mini?"

Da daddare Domnica ta kira mijinta. Muryarsa ta zo a gajiye, ana jin ƙarar injina a bayansa. Ya saurara har ta gama, ya yi ajiyar zuciya.

"Domnica, ki rufa mini asiri. Ina nan ina tsaye cikin jini tun asuba, kada ki haɗa ni da uwata. Yaro ne, zan yi masa magana. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Tawa uwar fa, Gavril? Ita ba hannu ba ce?"

"Ki yi haƙuri zuwa Kirsimeti, idan na zo zan gyara duka biyun."

Haƙuri dai, abincin da ake dafa wa matan gidan miji ke nan a ƙasar nan, kuma ba a taɓa cewa ya ƙare ba. Domnica ta koyi kwance kwayil da kanta, ta ciro nata mai ɗigon ja daga motar Fanel ta mayar. Kullum ta ajiye mota sai ta zare su huɗun, ta naɗe a tsohon ɗankwali, ta tura ƙasan akwatin garin masara. Surukarta ta daina yi mata magana sai da hanci, ta bi maƙwabta tana cewa an mai da su ɓarayi a cikin gidansu. Amma motar ta yi lafiya, kumburin Profira ya fara saɓewa, har wata rana ta nemi a soya mata dankali.

Sai aka yi dusar ƙanƙara mai yawa ranar wata Juma'a, hanya ta toshe, motar asibiti ma ba ta fito ba. Wankin ranar ya wuce. Zuwa yammacin Lahadi Profira tana numfashi kamar ana jan zarto, leɓunanta sun yi shuɗi. Domnica ta kwana a wurinta a ƙetaren rafi, tana riƙe da hannunta, tana faɗa mata an share hanya, gobe da sassafe za su tafi.

Da asuba ta goyo ta a baya ta haye gadar katako da ita, ta zaunar da ita a mota, ta lulluɓe ta da bargo. Wurin motar Fanel babu komai sai sawun taya. Ta ruga ɗakin ajiya, ta tura hannu cikin gari, ta ji ƙunshin yana nan, ta gode wa Allah. Ta ɗaɗɗaura su a duhu da yatsun da sanyi ya kashe, ta shiga ta murza makulli.

Motar ta yi wata irin jijjiga da ba ta taɓa yi ba, kamar za ta zubar da haƙoranta.

Ta fito ta haska fitilar waya. Biyu suna da ja. Biyu babu, sai baƙin mai yana naso a wuyansu.

Anghelina tana tsaye a bakin ƙofa da mayafi a ka.

"Jirgin mutane ne zai tashi, 'yar nan. Motarsa ta ƙi tun jiya, ya rasa yadda zai yi, har kuka ya yi mini. Biyu kawai ya ɗauka, ai ya bar miki biyu. Ya ce kafin azahar ya dawo."

Domnica ta rufe bonet ta shiga. Ta ja motar a haka, tana tari tana harbi, ƙaurin fetur ya cika ciki. Sun fita ƙauye, sun wuce maƙabarta, sun kama tudun Runcu. A tsakiyar hawan motar ta fara ja da baya. Ta taka totur har ƙasa tana roƙonta da baki kamar mutum, don Allah, don Allah, saura kaɗan. Injin ya yi tari biyu ya mutu. Ta murza, ya kama ya mutu. Ta murza har batir ya fara nishi. Ta kai hannu ta fizge hoton waliyyin nan daga allo, fitilar tana nan tana kallonta, abin da take ta faɗa tun kaka.

Ta kira motar gaggawa, aka ce suna zuwa, amma hanyar sama sai a hankali. Ta fita ta sa kafaɗa tana tura mota a kan ƙanƙara, ta zame ta faɗi, ta tashi ta sake. Daga can ƙasan kwari, ta bayan tudun, ta ji hon ɗin motar asibiti sau biyu, sannan shiru.

"Domnica," uwarta ta kira ta da wata 'yar murya. "Shigo, za ki yi mura."

Ta shiga ta rungume ta. Profira ta ɗora kai a kafaɗarta.

"Kada ki yi faɗa da su saboda ni. Ke za ki zauna da su."

Ko da masu motar gaggawa suka iso da sarƙa a tayoyinsu, rana ta fito, kuma babu sauran abin gaggawa.

Ranar jana'iza gidan su Gavril sun yi abin a yaba. Anghelina ta dafa alkamar sadaka da hannunta, ta yi kuka har aka riƙe ta. Gavril ya iso a motar haya ta kwana biyu, idonsa a ƙasa. Fanel ya wanke motarsa tas, aka ɗaura farin tawul a madubinta kamar yadda ake yi, shi ya ɗauko limamin coci, kuma ya bar injin a kunne a ƙofar maƙabarta don kada malamin ya fito ya tarar da kujera da sanyi. Mutane suna ta cewa, kai, yaron nan akwai zumunci.

A wurinmu, idan an saukar da akwatin gawa a rami, iyalan mamaci sukan tsaya a gefe ɗaya na kabari su miƙa sadaka ta samansa zuwa ɗaya gefen: tawul, burodi, kyandir mai ci, wani lokaci har kaza. Wanda aka kira sunansa ba ya ƙi, don ƙin karɓa tare wa mamaci hanya ne. Hannu biyu zai sa ya karɓa, ya ce Allah ya karɓa, kowa yana ji.

Domnica ta miƙa wa mai haƙar kabari nasa. Ta miƙa wa tsohuwar da ta wanke gawar. Sannan ta ɗauko wani ƙunshi daga cikin rigar sanyinta, tsohon ɗankwali mai garin masara a jiki, ta aza shi a kan farin tawul, ta ɗora kyandir a kai.

"Fanel."

Ya matso yana gyara kwala, ya miƙo hannu biyu ta saman ramin. Da nauyin ya sauka a tafinsa sai fuskarsa ta canza. Bakin ɗankwalin ya warware, baƙaƙen sanduna biyu suka leƙo, tsagaggu, mai yana ɗiga daga jikinsu a kan farin tawul. Toader, da yake tsaye a baya da hula a hannu, ya sunkuyar da kai. 

"Don ran Profira," in ji Domnica. "Naka ne. Ka bar su a wurinmu."

Ya waiga wajen uwarsa, ya waiga wajen wansa, babu wanda ya ɗago. Ba shi da damar saki, don ƙasan hannunsa akwatin ne. Limamin coci yana jira, jama'a suna jira.

"Allah..." Ya dubi ƙunshin da ke hannunsa. "Allah ya karɓa."

Babu wanda ya amsa da amin. Kuma da ma a ce wannan gida ɗaya ne da sauƙi. Ku zaga ƙauyukan nan ku gani, gida nawa ne ake kwance na mai haƙuri a ɗaura wa ɗan lele, a kira abin zumunci, idan ya yi tari a ce ƙafarsa ce, idan fitila ta kama a manna mata hoton waliyyi. Ba su ɗauki wuƙa ba, ba su zuba guba ba, ko a gaban alƙali aro suka yi.

Mai haƙa ya ɗebi ƙasa a shebur ya tsaya, yana jiran wani ya ce masa ya zuba. A cikin shirun nan babu abin da ake ji sai motar Fanel daga bakin ƙofa, tana aiki sumul, silinda huɗu cif, ko tari babu.